Loma Ɗaya a Alƙahira

"Sake min hannu, yarinya. Ni ba makauniya ba ce."

Na sake ta. Ko taku biyu ba ta yi ba wani mai keke ɗauke da katakon gurasa a ka ya kusa kwashe ta, na sake damƙo hannun. Wannan karon harara kawai ta bi ni da ita.

Na duba gabas, na duba yamma. Shaguna ne ko'ina, da fitilu da hayaƙin turare, ga mutane kamar an haɗa kasuwar Sara goma a wuri ɗaya. Babu motarmu, babu jagoranmu mai 'yar tuta, babu fuskar da na sani.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un...

Ni Munawwara 'yar Fagam na ɓata a tsakiyar birnin Alƙahira. Fasfona ba ya hannuna, layin wayata ba ya aiki, kuma duk faɗin duniya a rasa wadda zan ɓata tare da ita sai Inna Kulu, matar da ta raba ni da ɗanta.

Ni nas ce a babban asibitin Birnin Kudu. A can na haɗu da Hambali, ɗan Basirka mai sayen riɗi, lokacin da ciwon suga ya kwantar da mahaifiyarsa. Ba a sashenmu aka kwantar da ita ba, amma kullum sai ya ɓata hanya ya faɗo wurinmu yana tambayar inda ake karɓar magani. Wata rana na ce masa, "Malam, ko dai kai ma a duba maka kai ne?" Ya ce a'a, zuciya dai. Daga nan abu ya kankama, har manya suka fara jin ƙishin-ƙishin.

Bayan an sallame ta, ya roƙe ni in je gida in duba ta. Na hau acaɓa daga Gwaram har Basirka, na yi duk abin da kakata Mairama ta koya min. Na durƙusa har ƙasa, ban ɗaga kai ba, ban yi surutu ba, ko ruwa ban taɓa ba. Na dawo ina yaba wa kaina.

Sati bai zagayo ba saƙonsa ya shigo wayata.

"Muna, Inna ta ce a bar maganar. Ta haɗa ni da Allah kada in ƙara kiranki. Ki yafe min."

Shi kenan. Babu dalili, babu bayani. Na yi kuka har idona ya ƙanƙance, na zauna ina laluben laifina ban gano ba. Baffa Sada, ƙanin mahaifina, abin nema ya samu. Ya ce da ma ya faɗa, mutanen gari ba a gane gabansu, ga 'ya'yan 'yan uwa nan da garkensu na tsallake na je neman mai buhu da sikeli. Daga baya na ji wai Inna Kulu ta zaɓa masa Sa'adiyya, 'yar ƙaninta da ta riƙa tun tana ƙarama, kuma suna dawowa daga umara za a kai kuɗi.

Shi ya sa da aikin asibiti ya fito min a Saudiyya, na shekara biyu, ban ko yi shawara ba na karɓa. Gudu nake yi, ba wani abu ba. Sai ga shi a filin jirgin Kano na ɗaga ido na ga wanda nake gudun, yana tura jakar uwarsa. Jirginmu ɗaya. Kujerar Inna ma tana gefen tawa, 'yar hanyar wucewa ce kawai a tsakani.

Da hantsi muka sauka Alƙahira, aka ce jirgin Jidda sai bayan magariba. Kamfanin ya karɓe fasfunanmu, aka zuba masu son ganin gari a wata doguwar mota. Na shiga don kada in wuni ina kallonsu a falon jira. Ina zama sai ga su sun shigo.

A kan wata gada aka fara tsayawa mu ga kogin Nilu. Ina jingine da ƙarfe ina kallon ruwan, ban ma san me nake gani ba, na ji muryarsa a bayana.

"Muna..."

"Malam, lafiya?"

"Yau ni ne Malam?"

"To me kake so in ce? Angon Sa'adiyya?"

Ya kawar da kai. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa, kuma na ji haushin kaina da na lura.

"Abu ɗaya nake so ka gaya min," na ce. "Me na yi mata?"

"Wallahi ban sani ba. Na tambaya har na gaji. Abin da take cewa kawai, ba ta yi min ba."

"Kai kuma ka ce to."

"Uwata ce, hasken idona. Ya zan yi?"

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan."

"Ko ban kira ba shi ne sunanki a wurina."

Na juya na koma mota da sauri, don hawaye sun riga sun kawo. Ina sonsa, ina jin haushinsa, kuma na kasa gane wanne ya fi yawa.

Da azahar aka kai mu wani tsohon masallaci a cikin kasuwa. Ƙofar maza daban, ta mata daban. Hambali ya tsaya yana raba ido, sannan ya dube ni.

"Don Allah ki kula min da ita. Amana."

Me zan ce? Aka idar da salla, matan motarmu suka fice, Inna Kulu kuwa ta ɗaga hannu ta shiga addu'a, ba ta bar kowa ba a Basirka har da awaki. Da ta shafa muka fito ta ƙofar da na ɗauka ita muka shigo. Ashe ba ita ba ce. Na ce mu zagaya ta baya, lungu ya kai mu wani lungu, wancan ya miƙa mu ga wani. Haka muka tsinci kanmu inda mai keken nan ya kusa take ta.

"Ke ba 'yar boko ba ce?" Inna ta ce. "Ki tambaye su mana."

Na tattaro Larabcin Islamiyya na tare wani dattijo, na tambaye shi ina mota. Ya yi dariya ya nuna min titi, motoci sun fi dubu kowacce tana hon. Na ce masallaci. Ya nuna dama, maƙwabcinsa ya nuna hagu, wani mai shayi ya taso ya nuna bayanmu, suka kaure da gardama a tsakaninsu suka manta da mu. Na ɗaga kai, hasumiya ta fi a ƙirga, duk kuma kamarsu ɗaya. Sunan masallacin ma ban riƙe ba, don lokacin da jagora yake bayani hankalina yana kan ƙeyar Hambali.

Muka yi ta tafiya. Muka ratsa layin masu tagulla, ƙarar guduma kamar za ta fasa kai. Muka faɗa layin masu kayan yaji muna atishawa. Kyanwoyi kwance a kan kujeru babu mai korarsu. Wata mata ta zuro kwando da igiya daga saman bene, mai shago ya zuba mata tumatir ta ja abinta.

Inna ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Mutanen nan ƙasa ce ta ƙare musu, kowa ya hau kan ɗan uwansa?"

Dariya ta kusa kuɓuce min, na danne. Idan jirgi ya tashi ya bar mu fa? Wa zan ce musu ni ce, babu takarda? Hambali kuma yana can yana cewa amanar da ya ba ni ma na kasa riƙewa. Kaina ya ɗaure, har na fara ganin kowane lungu kamar mun taɓa bin sa.

Sai na ji hannunta ya yi sanyi a cikin nawa.

Na dube ta. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, leɓenta yana rawa. Na ja ta muka zauna a dokin wata ƙofa, kusa da wasu mata masu sayar da ganye.

"Inna, kin sha maganin safe?"

"Na sha."

"Kin ci abinci?"

"Wannan abin jirgin mai kama da auduga? Allah ya sawwaƙe."

"Suganki ne ya sauka. Dole ki ci wani abu yanzun nan. Me ke cikin jakarki?"

Na buɗe jakar da kaina. Ga ƙullin leda, dakuwa ce mulmule, ƙamshin gyaɗa da citta ya bugi hancina. Na ce alhamdulillahi, na miƙa mata. Ta sa hannu mai rawa ta ture.

"Ba na ci."

"Inna, za ki iya faɗuwa fa."

"In faɗi. Ba zan ci abin ƙauye a gabanki ba, kar in tayar miki da zuciya."

"Ni? Ban gane ba..."

"Ba ki gane ba?" Ta juyo gaba ɗaya, idonta ya kaɗa. "Ranar da kika zo gidana, daga tabarmar ciwo na tashi. Na hana kowa taɓa tukunya. Ni na tuƙa tuwon, ni na kaɗa miyar, zakaran da nake kiwo na sa aka yanka. Na ce matar ɗana ce za ta zo, hannuna za ta fara ci. Na dire miki kwano a gaba, kika kawar da kai. Na ce bismillah, kika ƙara sunkuyawa. Ko murfin ba ki ɗaga ba. Mata cike da tsakar gida suna kallo!"

"Inna..."

"Bari in gama. Da Sa'adiyya ta raka ki ta dawo, na ce ko ba ta da lafiya ne? Ta ce lafiyarki ƙalau, cewa kika yi ke ma'aikaciyar asibiti ce, ba kya cin abin da ƙuda ya hau. A gidanmu ko maƙiyi ya shigo sai ya ɗanɗana. Wanda ya ƙi cin abincinka, kai ya ƙi."

Na zauna baki buɗe. Kaina ya yi dum. Watanni ina tuhumar tsawona, da launin fatata, da danginmu, da aikina, ashe kwanon tuwo ne.

"Wallahi tallahi, Inna, ban faɗa ba. Daga ɗakinki har bakin titi, abin da na ce wa Sa'adiyya kawai shi ne na gode."

"To me ya hana ki ci?"

Na sunkuyar da kai. Ko faɗar ma nauyi take min.

"A wurinmu ba a yi. Mace ba ta cin abinci a gaban surukarta, ko ruwa ba ta sha. Mahaifiyata ta haife mu duka a gidan mahaifina, har yau uwarsa, kakata Mairama, ba ta taɓa ganin ta kai loma baki ba. Ranar da zan zo, kakata ta riƙe kunnena ta ce idan na ci ko ƙwaya ɗaya na zubar musu da mutunci har jikoki, za a ce ba a yi min tarbiyya ba. Mu a ɗaki ake ajiye wa baƙuwa, a ja ƙofa a ba ta wuri."

Ta ƙura min ido.

"Yunwa nake ji ranar kamar in mutu," na ce, hawaye suna zuba. "Ƙamshin miyar nan har cikin raina. Ina fita tasha na sayi awara na ci a tsaye."

"Tatsuniya," ta ce, amma muryarta ta sauka. "Ai ko a jirgi ina lura da ke. Aka kawo abinci kika mayar. Na ce a raina, ashe har na Larabawa ƙyamarsa take."

"Kina zaune a gefena, Inna. Ta yaya zan ci?"

"Kina nufin tun daga Kano..."

"Tun jiya da rana."

"Saboda ni? Ni da na kore ki?"

"Ko kin kore ni, ai ke kika haife shi."

Ban san maganar za ta fito haka ba sai da ta fito. Na ja hijabi na rufe fuska. Na daɗe ina jin hayaniyar kasuwa kawai, da numfashinta yana fita da ƙyar.

"Sa'adiyya," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "A bayana na goya yarinyar nan."

Sai na ji an taɓa min gwiwa. Na leƙo. Ta ɓare dakuwa ɗaya biyu, tana miƙo min rabi.

"Karɓi."

"Inna, ke ce mai buƙata. Don Allah ki ci."

"Ba zan ci ba sai kin ci. In kin ga dama ki bar ni in mutu a garin Fir'auna."

Na shiga uku. Ga kakata a kunnena, ga tsohuwa tana karkarwa a gabana. Na karɓa, na juya mata baya na fuskanci bango, na tura hannu ƙarƙashin hijabi.

"A'a. Juyo in gani."

"Inna, ki rufa min asiri..."

"Juyo, 'yar nan."

Na juyo. Na rufe ido na kai baki. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ji nake kamar duk mutanen Misra sun bar sana'arsu sun zuba min ido. Ga yaji, ga zaƙi, ga hawaye, duk na haɗa na haɗiye.

Da na buɗe ido ita ma tana taunawa, tana share ido da gefen mayafi.

"Ya gishiri?" ta ce.

"Ya ji daidai."

"Ni na daka." Ta ƙara turo min ledar. "Ci, ke ma duk kin bushe."

Muka ci a dokin ƙofar mutane. Wata daga cikin masu ganyen ta miƙo mana ruwa a gora, muka sha. A hankali rawar hannunta ta tsaya, gumin ya bushe. Ni kuwa da na ɗaga kai na ga rana ta karkata, sai na tuna da motarmu.

"Inna, har yanzu fa ba mu san inda muke ba. Idan motar ta tafi..."

"Ba inda za shi ya bar ni. Yana nan yana zagaye kamar ɗan akuyar da ya ɓace wa uwa. Kama ni in tashi."

Na ɗaga ta. Ta gyara ɗaurin zani, ta hau kan dokin ƙofar, ta kama hanci da yatsu biyu. Kafin in gane me take shirin yi, ta rangaɗa guɗa.

Guɗa fa, irin ta kai amarya, a tsakiyar Alƙahira!

Na ce ƙasa ta tsage in shige. Amma me? Matan nan masu ganye suka dubi juna, suka kwashe da dariya, babbarsu ta kare baki da tafin hannu ta saki tata. Ashe su ma suna yi. Wata ta amsa daga saman bene, wata daga can ƙarshen lungu. Inna ta ja numfashi ta ƙara, tata ta fi ta kowa tsawo, da wani ɗan karyawa a ƙarshe. Mutane suka taru ana tafi, wani yana tambayata da hannu ina amaryar.

Ba a jima ba na hango Hambali yana ture mutane, hula a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, jagoranmu yana biye da shi yana haki.

"Inna! Alhamdulillahi... Tun daga layin masu tagulla na ji, na ce duk duniya wannan karyawar taki ce." Ya kama hannunta yana dubawa, ya dube ni, ya dubi taron. "Wai me ke faruwa? Auren wa ake yi?"

"Naka," in ji Inna. "Ina ɗayan takalmin?"

Ya tsaya sororo. Ya sake dubana, na kawar da kai.

A cikin mota ta ƙi zama kusa da shi, ta zauna kusa da ni. Ta tambaye ni aikin nan na shekara nawa ne, na gaya mata. Ta ce ai ana ba da hutu ko? Na ce ana bayarwa. Ta ce to Hambali ya jira, ba shi ya fi kowa gaggawa ba. Maganar Sa'adiyya kuwa ta ce tsakaninsu ne, ita ta raine ta, ita ta san yadda za ta yi da ita.

Haka kuwa aka yi. Suna komawa gida ta tura ƙaninta Kawu Ƙasimu da dattawa Fagam. Baffa Sada ya ja musu rai son ransa kafin ya amsa, aka ɗaura a hutuna na farko. Sa'adiyya ba ta zo bikin ba, ni ma ban tambaya ba.

Amma a ranar, muna hanyar komawa filin jirgi, Hambali bai san abin da ya faru tsakaninmu ba. Barci ya ɗauke Inna, kanta a kafaɗata. Ya matso daga kujerar baya, ya yi ƙasa da murya.

"Muna... hasken idona... in kira ko kar in kira?"

"Ka riga ka kira."

"Don girman Allah ki fitar da ni daga duhu. Na yi roƙo, na yi kuka, na turo malamai, matar nan ko gezau. Ke me kika yi mata?"

"Ban yi mata komai ba."

"Haba rabin raina."

"Dakuwa na ci."

"Dakuwa? Wace irin dakuwa? Ban gane ba..."

Na gyara wa Inna mayafi, na mayar da fuskata taga ina kallon fitilun gari suna kunnuwa. Yana ta magiya a bayana, ina jin daɗin muryarsa har cikin ƙashina, amma ban ƙara ce masa uffan ba.

Na bar shi a haka har Jidda. Shi ma ya ji yadda take.